Na Yafe Abin da Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum Ummi.

Ina fata mota ta kama hanya lafiya, kin samu kujerar da za ki miƙe ƙafa, ba a jibge miki buhu a gaba ba. Allah ya kai ku Ngaundere lafiya, ya tsare ku da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa direbanku mai hankali ne. Allah ya sa karatun da za ki je yi ya zama alheri gare ki.

Na san kin ga yadda muka rabu ɗazu a tasha. Innarki Atine ce ta rungume ki tana kuka, ni kuwa na ce Allah ya kiyaye na juya kamar na rako 'yar maƙwabta. Ba don ba ni da magana ba ne. Maganar ce ta yi min yawa, kuma ke ce ta fari, kin san yadda aka tashe mu, ba a duban ɗan fari a gaban mutane. To yanzu na dawo gida, na sauke kaskon ƙosai, na zauna a ƙofar kicin ina danna waya da yatsa ɗaya. In kin ga kuskure ki wuce shi, aji huɗu na yi. Ba labarin unguwa zan ba ki ba, Birik tana nan yadda kika bar ta. Maganar ƙafarki ce.

Abin da kika sani shi ne kina shekara tara mota ta buge ki, aka yi ɗori, ƙafar hagu ta gajarce. Kin kuma san laifinki ne, don ni na sha gaya miki haka. Akwai sauran da ba ki sani ba.

Ranar na aike ki da abincin Babanki, Allah ya jiƙansa, shagonsa na ɗinki a tsallaken babban titin da ke tafiya Mokolo. Ni na ɗora miki langa uku a ka, na ce ki yi sauri kar miya ta huce. Murfi ya faɗi ya gangara titi, kika bi shi, don kin san in kin dawo babu murfi zan yi miki faɗa. Taksin da ya buge ki na Malam Hamadu ne, mijin Dudu na ƙarshen layinmu, wanda suke sahu ɗaya da Babanki a masallaci. Bai gudu ba. Shi ya ɗauke ki da hannunsa ya sa a motar. An ce wani ɗan ƙabilar Bamileke mai shagon kayan waya ya yi ta faɗa da Faransanci cewa kar a motsa motar, a sa yarinya a wata, a kira 'yan sanda su zo su auna wurin su rubuta. Ba wanda ya saurare shi.

Kin san wane lokaci ne? Lokacin da bam ke tashi a Arewa. Mu nan Yawunde ba mu ji ƙara ba, amma mun sha kallo. In ka shiga taksi da hula da doguwar riga sai mutane su matsa. Ana shigowa unguwa da safe a zaunar da maza a ƙasa a ce kowa ya fito da takarda. Ni haifaffiyar nan ce, kakana ma a nan aka binne shi, amma Babanki ɗan Katsina ne, bakinsa kaɗai ya isa a gane shi, kuma katin zamansa ya ƙare bai sabunta ba. Shi ya sa da na isa asibiti na tarar da ɗan sanda a bakin ƙofa yana tambayar abin da ya sami yarinya, ban ko yi shawara da kowa ba, na ce a rigol kika faɗa, kwatar nan ta bakin titi. Ya dube ni, ya dubi Malam Hamadu da jini a rigarsa, ya ɗaga kafaɗa ya koma kujerarsa. Wannan ƙaryar ita ce kuskurena na farko. Na ɗauka na tsare miki uba.

Ummi, in Allah ya kawo tsautsayi, a kanki ko a kan wani a gabanki, kar tsoron hukuma ya sa ki ɓoye. A kai mai rauni asibiti, wannan shi ne gaba, amma a kira 'yan sanda su yi takardar da ake ce wa konsta. Ki ɗauki hoton lambar motar, ki ɗauki hoton takardar asirans, wato inshora, da ke manne a gilashi. Wayarki ba ta hoton biki kaɗai ba ce. Tsoron nan da na ji na wata nawa ne ya wuce, ƙafar kuwa tana tare da ke a cikin motar nan.

Likitar da ta duba ki mace ce, gajera, mai tabarau, ba Musulma ba ce. Ta ɗaga hoton ƙashi a fitila ta ce min, "Madam, rigol ba ta karya cinya haka. Mota ce." Ta ce ƙashin ya karye gida biyu, sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba ƙafar ba za ta yi daidai da 'yar'uwarta ba. Ta rubuto kayan da za a saya, takarda cike har baya. Babanki ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. A lokacin ɗinki ya tsaya, mutane sun daina shigowa unguwarmu kawo aiki.

Kwana biyu da faruwar abin dattawa suka zo gida. Liman, da mai unguwa, da wasu mutum uku, da Malam Hamadu a bayansu kansa a ƙasa. Sun zo da goro. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ni da mata muna ɗaki bayan labule. Liman ya yi addu'a ya yi nasiha a kan ƙaddara, sannan ya ce wa Babanki, "Malam Sani, ga ɗan'uwanka mun kawo, me ka ce?"

Babanki ya yi shiru. Ya daɗe yana murza yatsan ƙafarsa. Har yau ban san me yake shirin faɗa ba, ban taɓa tambayarsa ba. Ni shirun ne ya dame ni. Na ga kamar za a ce muna ja, muna neman wani abu a kan jinin 'yarmu. Kuma mata sun zuba min ido su ga yadda uwar 'yar fari za ta yi. Sai na ɗaga murya daga bayan labule na ce, "Malam, mun yafe duniya da lahira. Yarinyar ce ta faɗa wa mota. Ba ma neman komai a wurin kowa."

Aka yi ta sa albarka. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Kun ga 'yar mutunci. 'Yarta na kwance a asibiti ko ƙwalla ba ta yi ba." Zan gaya miki gaskiya, na ji daɗin maganar nan. Kina can kina kiran sunana da zazzaɓi, ni ina nan ina jin daɗin an ce ina da kawaici.

Innarki Atine kaɗai ce ba ta yaba ba. Da mutane suka watse ta ce min, "Ke Hajara, ƙafarki aka karya?"

Na ce, "Yaya, me kike so in ce a gaban Liman?"

Ta ce, "Ki ce a ba ku kwana biyu. Ko tumatir kike saye a kasuwar Mokolo kin fi haka ja."

Na ji haushinta, na yi sati ban je gidanta ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Yafiya abu ne mai kyau, ban ce ki zama mai riƙo ba. Amma duk yafiyar da aka nema a gaban taro, mutane sun kewaye ki suna jira, ki ce a ba ki lokaci. Ba rashin kunya ba ne. Kuma kafin ki ce kin yafe, ki tambayi kanki abin naki ne? Ni na yafe abin da ba nawa ba.

Rana ta uku muka cire ki daga asibiti. Ni na matsa. Na ce tunda mun ce ba ma neman komai, ba za mu koma muna kai wa Malam Hamadu takardar magani ba, mu kuma ba mu da shi. Aka ce akwai mai ɗori a Nkomkana, hannunsa da albarka. 'Yan asibiti suka sa na dangwala hannu a takarda cewa da kaina na ɗauke ki. Likitar nan ta biyo ni har bakin ƙofa, ta miƙo min wata takarda mai hatimi, ta ce, "Madam, ko ba ki dawo ba, ki adana wannan. Na rubuta abin da na gani. Wata rana za ta yi wa yarinyar amfani." Na karɓa don kar in ba ta kunya.

Mai ɗorin tsoho ne, ba zan ɗora masa ba. Da ya taɓa cinyar ya ce, "Wannan ta yi muni, amma zan gwada." Ya sa aka kawo kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure tata ya ɗaure taki, ya ce ranar da kaza ta taka ke ma za ki taka. Mutum huɗu suka danne ki ya ja ƙafar. Ni ina waje, na toshe kunne da gyale, ban shiga ba, wai kunya. Kazar ta warke sarai, har tana tsallake katanga. Ke kika tashi bayan wata uku kina ɗingishi.

Takardar likita kuwa, na jefa ta cikin kwalin tsofaffin takardun da nake naɗe ƙosai. Ban san ranar da ta tafi ba. Wani ya ci ƙosai a cikinta ya goge hannu ya yar.

Duk takardar da likita ya ba ki, ko ba ki gane ta ba, ki adana. Takardar shiga, ta fita, hoton ƙashi, rasit na magani ko na ƙwaya ɗaya ne. Ki samu leda mai zif ki ajiye su wuri ɗaya. Kuma karaya in likita ya ce ta aiki ce, kar wani ya ce miki a gida ma ana yi. Ana yi, na ga waɗanda suka warke. Ke ba ki cikinsu.

Shekara shida na zauna a kan cewa ƙaddara ce kawai. Sai bayan rasuwar Babanki, na fita takaba, Malam Hamadu ya zo gaisuwa. Ya tsaya a zaure, kika wuce ta gabansa da bokitin ruwa, ruwan na zuba ta gefe ɗaya saboda yadda kike takawa. Ya bi ki da kallo har kika shige. Sai ya ce, "Maman Ummi, akwai abin da ke cina."

Na ce, "Malam, ai an wuce wurin."

Ya ce, "Ni ban wuce ba. Ranar nan asirans ɗina na da rai. Satin nan na sabunta shi. Da an rubuta, su za su biya aikin, ba ni ba."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ina shirin faɗa kika ce ba kwa neman komai a wurin kowa. In na buɗe baki bayan nan, sai a ce na raina yafiyarku, ko a ce ina so in saye ku. Na ce bari in jira Malam Sani ya tambaye ni. Kullum muna haɗuwa a masallaci. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba."

Kin ji. Shi yana jin kunyarmu, mu muna jin kunyarsa, shekara shida.

Ya ciro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ta asirans ɗin shekarar, duk ta yi laushi wurin ninki. Ya ce bai iya yar da ita ba.

Ban yarda ba duk da haka, don a tunanina wanda ya yi laifi ba ya karɓar komai, kuma ke kika shiga titi. Akwai wata Madam Odil da ke zuwa daga unguwar Cité Verte sayen ƙosai ranar Asabar, ta taɓa aiki a ofishin asirans. Na tambaye ta kamar labarin wata nake ba ta. Ta ce, "Hajiya, wa ya gaya miki ana tambayar laifin mai tafiya a ƙasa? Mijin ƙanwata a buge yake tilis ya shiga titi, an biya masa asibiti har sandar da yake dogarawa." Ta ce dokar haka take, in mota ta raunata mai tafiya a ƙasa ko fasinja, asirans ɗin motar ne zai ɗauki magani da diyyar abin da ya nakasa, ba a cewa ai shi ya jawo, sai dai in da gangan ya nemi a buge shi. Direba ne ake duba nasa laifin. Ta ce, "Balle yarinya. Ita wannan matar da kike ba ni labari, ba ta da hankali ne?"

Na ce, "Ba ta da shi." Na ƙara mata ƙosai biyu.

Na je ofishin asirans ɗin Malam Hamadu, ban gaya wa kowa ba. Na sa atamfata ta fita, na hau bene, na zauna a kujera mai sanyi. Matar da ke wurin ba ta wulaƙanta ni ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ce ina konsta? Na ce babu. Ina takardar likita? Babu. Wane asibiti? Na faɗa, ta ce to a littafinsu me aka rubuta a bakin ƙofa? Na ce faɗuwa a rigol. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce abin yana da wa'adi, kuma shekarun sun yi nisa. Sannan ta ce, "Madam, da kin yafe wa direban ki bar mu mu biya. Ai don haka yake ba mu kuɗinsa duk shekara. Ba a kama shi don kin nemi haƙƙin 'yarki a wurinmu."

Na sauko na taka da ƙafa har gida, ban iya shiga taksi ba.

Asirans ɗin nan Babanki inshora yake ce masa, kuma har ya rasu yana ganin takarda ce ta nuna wa 'yan sanda a hanya. Ni ma haka na ɗauka. Rabin matan layinmu yanzu ma haka suka ɗauka. Ke kar ki zauna a haka. In za ki shiga motar tafiya, ki shiga wadda ake rubuta suna a ba da tikiti, ki ajiye tikitin har ki sauka, kar ki goge hannu da shi. Masu tsayawa a bakin hanya su ce zo a rage miki, ki bar su. Mashin kuwa na san ba za ki iya guje masa ba a can, ƙafarki ba ta doguwar tafiya ba ce, amma ki sani da yawansu ba su da takardar komai, in an faɗi sai Allah. Ki samu mutum ɗaya dattijo ki riƙe shi. In an ce ki sa hannu a wata takarda kina kwance, ki ce sai kin tashi. In ba ki gane abu ba ki yi tambaya, ko za a yi miki dariya. Ni tsoron a ce ban sani ba ya hana ni tambaya, alhali ga Madam Odil duk Asabar a gaban kaskona.

Yanzu saura mafi nauyi, ina ta kewaye shi.

Na san duk wannan tun kina shekara sha biyar. Shekara huɗu ke nan ban gaya miki ba. Ba shiru kaɗai na yi ba. Kin tuna ranar da kika dawo daga makaranta kika ce 'yan ajinku suna kwaikwayon tafiyarki, kika ce ko za a yi miki takalmi mai tudu a ƙafa ɗaya? Wata biyu ke nan da zuwana ofishin nan. Na ce miki, "Da kin tsaya a gefen titi da duk ba a yi haka ba." Kika dube ni, kika ce, "Haka ne Mama," kika shiga ɗaki. Na san ƙarya nake yi lokacin da nake faɗa. Na faɗa ne don in kika ci gaba da ɗaukar laifin, ni ba sai na ɗauka ba.

Ba laifinki ba ne, Ummi. Shekararki tara. Ni na aike ki, ni na sa miki tsoron murfin langa. Ko da laifinki ne ma, doka ba ta tambaya ba, ni ce na tambaya na kuma yanke hukunci. Da na yi shiru na minti ɗaya a bayan labulen nan, da an sa miki ƙarfen.

Takardar Malam Hamadu tana cikin akwatinki, a aljihun ciki, na naɗe ta a leda tare da takardar haihuwarki. Wani ya ce min tunda kina ƙarama lokacin, wataƙila ƙofar ba ta rufe duka ba. Wani ya ce ta rufe. Ban sani ba, kuma na daina yanke miki abin da ban sani ba. Can akwai masu karatun shari'a, ki nuna musu. Malam Hamadu ya ce ko ina aka kira shi zai je ya faɗi gaskiya, Bamileken nan ma shagonsa na nan. In kin ga ki bi, ki bi. In kin ga ki bari, ki bari. Naki ne.

Na san halinki. Kina gama karantawa za ki rubuto ki ce ba komai Mama, na yafe. Kar ki yi. Ni na koya miki saurin faɗin haka, kuma kin ga inda ya kai mu. Ki ji haushina tukuna. Ki yi sati, ki yi wata, in kin kira Innarki Atine ba ki kira ni ba zan gane. Abu ɗaya na roƙa, in kun isa ki turo kalma ɗaya in san kin sauka. Sauran kuma sai ranar da kika auna kika ga kin iya, ba don ni uwarki ce ba, ba don wani ya ce ki yi ba. In ranar ba ta zo ba, ba zan ce kin yi rashin kunya ba.

Allah ya sauke ku lafiya. Allah ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya tsare ki a titi da cikin ɗaki, ya haɗa ki da mutanen da za su gaya miki gaskiya da wuri. Ki riƙe sallah. In sanyin can ya taɓa ƙafar ki gasa ta da ruwan ɗumi, man zafi na cikin jakar hannu.

Wassalam.

Mamanki, Hajara